Man kayan cikin kifi da bakteriya: aikin ƙwayoyin ne, ko man ne ya lalace?

Ɗiyar Mai Kifi, Daura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a sashen maikurobayoloji a Katsina, amma gida Daura ne, kuma daga gida maganar ta taso, don haka a yi haƙuri da dogon labari.

Ummanmu tana suyar kifin ƙanƙara da yamma a ƙofar gida tun ina firamare. Titus ta fi saye, in ya yi tsada ta koma kote. Duk katan ɗin da aka fasa, ƙanena ne ke kwashe kayan ciki da kawunan da suka dagargaje a robar fenti ya kai bola, maguna na bin sa a baya kamar 'yan rakiyar amarya. Abin ya daɗe yana cina a rai. Da aka zo zaɓen furojet sai na ce ga abin da nake so: in fitar da man da ke cikin wannan sharar, in ba bakteriya, in ga ko za su juya fati-asid ɗin cikinsa, wato sarƙoƙin sinadarin da suka haɗu suka zama mai, su koma wani abu mai amfani, kamar yadda na ji an yi a Amurka da Koriya.

A hutun watan Maris na tafasa kayan cikin a wata tsohuwar tukunyar ƙarfe da Umma ta yafe mini, na bar shi ya kwanta, na yaɗe man da ludayi, na tace da farin ƙyalle. Abin da ya fito ko rubu'in ƙaramar gorar ruwa bai kai ba. Yayanmu yana kiwon tarwaɗa a tankin siminti biyu a bayan gida, shi ya ce me zai hana in ƙara da kitsen cikin tarwaɗarsa, wannan fari-farin mai dunƙule-dunƙule da ake yarwa ranar banda. Ai kuwa na narka shi, nan take gora ta cika. Na haɗe su, na ajiye gorar a kan tagar ɗakinmu har aka koma makaranta, wajen mako uku.

Bakteriyar kuwa daga wuri biyu na samo. Akwai daddawar kalwa da na sayo a kasuwar Daura, akwai kuma ƙasar lungun da Umma ke zubar da ruwan wankin kifi. Na ware iri biyar, dukkansu Gram fozitif ne, dogaye kamar sanda, kuma suna yin sifo, saboda haka na ce Bacillus ne. Na kiwata kowanne a romon kiwon bakteriya mil 50, na zuba man cokalin shayi guda. Injin girgiza ɗaya ne a wurinmu, ga layi, ga wuta da ba ta zama, sai na riƙa zuwa sau uku a rana ina girgiza kwalaben da hannu. Kwana bakwai na yi haka.

Man ya yi kauri, ya yi duhu, ƙarnin ya koma wani irin wari mai hawa ka. Da na ɗiga a allon TLC, wanda ke rarraba abubuwan da ke cikin mai su fito tabo-tabo, na kara shi a tururin aidin, sai ga sababbin tabo a can ƙasa kusa da layin farawa, wani wurin ma kamar an ja kwalli da yatsa. Na san abin da ke ɗauke da haidiroksil, wato oksijin da haidurojin ɗin da nake fatan bakteriyar ta dasa wa man, shi ke maƙalewa a ƙasa haka, har na kira Umma na ce mata an dace. Amma wani dattijo mai kula da lab ɗinmu ya ɗaga allon ya duba, ya yi murmushi, ya miƙo mini, bai ce uffan ba. Wannan murmushin ya hana ni barci.

To, abin da na gani aikin bakteriyar ne? Sannan wata ƙawata da ke horo a lab ɗin wani asibiti ta ce za ta iya ɗebo mini Pseudomonas aeruginosa, tunda da ita aka yi aikin Koriya, in karɓa? In kuma abin ya yiwu, ana iya sayar da man a matsayin ƙarin lafiya? Umma har ta fara lissafi.

Baba Malam, Ƙofar Ƙaura

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi albarka, ya saka wa mahaifiyarki da ta yafe tukunya. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina koyar da kemistiri kafin in ajiye alli, kuma na san irin wannan murmushin don ni ma na sha yin sa. Ina kwalbar da kika zuba romo da mai, ba ki sa mata bakteriya ko ɗaya ba, kika jera ta tare da sauran har kwana bakwan? Ban ga kin ambace ta ba. Ni kwalbar shaida nake ce mata. In babu ita, ba mai iya rantsewa a kan abin da allonki ya nuna.

Ga dalili. Fati-asid sarƙa ce ta kabon, tsakanin wasu ɗaurin tilo ne, tsakanin wasu tagwaye. Oleyik, wanda ya fi yawa a man gyaɗa, kabon 18 gare shi da tagwayen ɗauri guda. Linoleyik yana da biyu. EPA na man kifi kabon 20 ne da tagwaye biyar, DHA kuwa 22 da shida. Duk kabon ɗin da ya zauna a tsakanin tagwaye biyu, haidurojin ɗinsa sako-sako yake, kuma ta nan oksijin na iska ke fara kai hari. Oleyik ba shi da irin wannan kafa ko ɗaya, linoleyik yana da ɗaya, EPA huɗu, DHA biyar. Shi ya sa man ƙuli zai yi watanni a jarka lafiya lau, man titus kuwa cikin kwanaki ya fara maƙaƙi. Abu uku ke zuga wannan ɓarna: haske, zafi, da ƙarfe. Ke kuma kin haɗa masa duka ukun, farar gora a kan taga, zafin Daura na Maris da Afrilu, ga tukunyar ƙarfe ga jinin kayan ciki, wanda shi ma ƙarfe ne a cikinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da iska ke haifarwa shi ma oksijin ne a jikinsa, shi ma a ƙasan allo yake maƙalewa. Kaurin da duhun, sarƙoƙin ne ke harɗewa da juna. Warin kuma gutsattsarin da suka karye ne. Bambancin a nan yake: iska sara take ko'ina kamar makaho da adda, don haka take ba da wannan jan kwallin da kika gani. Enzayim kuwa, wato sinadarin da bakteriya ke aikin da shi, wuri ɗaya ya sani, kabon kaza kawai, sai ya ba da tabo guda tsaf, kuma gobe in kin maimaita a nan zai sake fitowa.

Kada wannan ya kashe miki gwiwa, tunaninki a kan hanya yake. A garin Peoria na jihar Illinois akwai ɗakin bincike na ma'aikatar gona ta Amurka. A can ne a 1962 aka nuna wata bakteriya tana ƙara wa oleyik ruwa a kan tagwayen ɗaurinsa, ya koma haidiroksi-sitiyarik mai haidiroksil a kabon na 10. Daga baya wani masani a wurin, Ching Hou, ya yi shekaru yana wannan farauta. Pseudomonas ɗin da kike magana, wadda suka laƙaba wa PR3, a ruwan kwatar wata gonar aladu aka tsinto ta, kuma tana dasa wa oleyik haidiroksil biyu, a kabon na 7 da na 10. Wata kuma, ALA2, daga busasshiyar ƙasa a Alabama ta fito. Da fari sun ɗauka Clavibacter ce, daga baya aka tabbatar Bacillus megaterium ce, 'yar uwar naki ke nan. Ita tana dasa wa linoleyik haidiroksil har uku, kuma da aka ba ta EPA da DHA ta naɗe wutsiyar sarƙar ta yi ɗan zobe mai oksijin a ciki. Kin ga ke nan lungun ruwan wankin kifin Umma ba abin rainawa ba ne. Sai dai su tataccen fati-asid guda ɗaya suke ba ƙwayar, injin na girgiza ba dare ba rana, a zafin da bai wuce digiri 30 da wani abu ba, cikin 'yan kwanaki kaɗan.

Sai maganar haɗa man, wadda ta fi damuna. Kifi abin da ya ci shi ne a jikinsa. Titus daga ruwan sanyi na arewacin Atilantika yake zuwa, wajejen Norway, kuma EPA da DHA ɗinsa asalinsu daga ƙananan tsirran teku ne da ido ba ya gani, su suka bi ta cikin abincinsa. Tarwaɗar Yayanki masara da waken suya ta ci, kitsenta yawanci oleyik ne da falmitik da linoleyik, omega-3 ɗin ɗan kaɗan ne. Gorarki kashi uku cikin huɗu tarwaɗa ce. In kika rubuta a kan furojet cewa kin juya EPA da DHA, mai jarrabawa na waje da ya san aikinsa tambaya ɗaya zai yi miki. Ki raba su. Ni da zan ba ki shawara ma, ki riƙe man tarwaɗar a matsayin babban aiki: ya fi yawa, ya fi jure zafinmu, kuma fati-asid ɗinsa su aka fi sanin yadda bakteriya ke yi da su. Na titus ya zama ɗan rakiya.

Wani abu kuma, man da kika yaɗo ba sakakken fati-asid ba ne, uku-uku suke ɗaure a jikin gilisarol, kuma enzayim ɗin da ke ƙara ruwan nan sakakke yake so. Ko dai ƙwayar tana da enzayim ɗin lifes da za ta kwance su da kanta, ko ke ki kwance mata. Aikin masu sabulun salo ne sak: su ruwan toka suke dafa mai da shi, ke fotasiyam haidiroksaid za ki narka a etanol, ki ɗumama, sannan ki zuba asid, fati-asid ɗin ya taso sama. Cokalin shayi a mil 50 kuma ya yi yawa ƙwarai, kashi goma cikin ɗari ke nan. Sakakkun EPA da DHA guba ne ga irin su Bacillus, kada ki kai ko kashi ɗaya.

Kafin komai ki auna feroksaid na man, shi ke nuna yadda iska ta lalata shi. Fotasiyam ayodaid, ruwan sitaci da tayosalfet kawai ake buƙata, kowane lab na kemistiri yana da su. Ma'aunin man kifi na Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, da aka fitar a 2017 ya ce kada ya wuce 5. Ki gwada na kan tagar nan ki zo ki ba mu labari.

Anti Lab, Katsina

Ƙanwata, Baba ya gama da kemistiri, ni tambayarki ta biyu da ta uku zan taɓa. Kada ki karɓa. Ki kuma ce wa ƙawar taki ta rufa wa kanta asiri, fitar da ƙwayar majiyyaci daga lab ba da izini ba laifi ne da zai iya raba ta da aikin tun ba ta fara ba.

Kullum muna ganin Pseudomonas aeruginosa a benci. Ita ce ke sa bandejin mai ƙuna ko mai tsohon gyambo ya yi kore-kore, da wani ƙamshi-ƙamshi mai yaudara da in kin taɓa shaƙa ba kya mantawa. Tana kama ido, tana kama kunne, tana shiga huhun wanda ya raunana. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irinta mai jure manyan antibayotik na kabafenem a sahun farko na ƙwayoyin da ake neman sabon magani dominsu ruwa a jallo. Ta asibiti kuwa ita ce ta fi kowacce sanin antibayotik, don da su ta girma. Ke kuma da hannu kike girgiza kwalba, toshiyar auduga ce a baki, in an tashi ki tafi gida inda ake soya abin da mutane za su ci. Ban da haka ma, PR3 iri ne guda da aka zaɓo aka ajiye, ba kowace mai wannan suna ce za ta yi aikinta ba.

Aikin Koriya da kika ji, wajen 2007 ne. Sun ba PR3 EPA da DHA, abin da ya fito ya hana wasu ƙwayoyin da ke ɓata abinci girma, irin su Listeria da Staphylococcus aureus. A faranti aka ga haka, ba a jikin mutum ba. Abin da ya sa ake zumuɗin wannan fage shi ne jikinmu da kansa yana dasa wa EPA da DHA oksijin ya samar da su resolbin, waɗanda Charles Serhan na Harvard ya gano a farkon shekarun 2000, masu taimakawa kumburi ya sauka. Kaɗan ƙwarai jiki ke yi, haɗa su a lab kuma tsada, shi ya sa manyan ɗakunan bincike ke ciro kwayar halittar enzayim ɗin su dasa wa E. coli ta gida marar cutarwa ta yi musu aikin.

Batun sayarwa, ki ce wa Umma ta ajiye lissafin tukuna, ina gaishe ta. Duk abin da za a ɗura a kwalba a ce na lafiya ne sai ya bi ta NAFDAC, kuma man da ya kwana bakwai da bakteriyar kwata ba na baki ba ne ko da ya yi ƙamshin turare.

Na Bakin Tasha

Ni dai ban gane komai ba sai titus. Hajiya, a wace unguwa Umma ke suyar? Akwai yaji?

Mai Turka, Mai'aduwa

Malama, ni ba Dakta ba ne, kiwon dabbobi na karanta na dawo gida ina turka, Lahadi in shiga kara. Amma tun da na fara karanta maganarku nake dariya, don injin da kike bi wa layi yana nan ɗaure a turke a gidanmu yana tuƙa, ba ya neman wuta.

Kin taɓa tambayar kanki me ya sa kitsen sa ke daskarewa a leɓe in romo ya huce? Ciyawar da ya ci, man cikinta yawanci linolenik ne mai tagwaye uku, ruwa-ruwa ne. Bakteriyar tumbi ce ke bin tagwayen nan tana cike su da haidurojin ɗaya bayan ɗaya har su koma sitiyarik, mai tauri. Kishiyar abin da Baba ya bayyana ke nan: a can ana dasa oksijin, a tumbi kuwa babu iska sam, haidurojin ake ɗurawa. Babbar ma'aikaciyar sunanta Butyrivibrio fibrisolvens, tun shekarun 1960 aka gano yadda take fara karkata linoleyik ya zama CLA, wato linoleyik da tagwayen ɗaurinsa suka matso kusa da juna, wanda ake samu a nono da man shanu, kafin ya wuce matakin gaba. Suna yin haka ne don kare kansu, irin wannan mai yana cutar da su.

Man kifi kuwa shi ne ɗan hana ruwa gudu. Ƙwayoyin da ke ƙarasa matakin ƙarshe zuwa sitiyarik ba sa jure EPA da DHA, sai aikin ya tsaya a tsakiya, rabin-dafuwa ya taru ya wuce cikin jini. CLA na nono yana ƙaruwa, amma in aka zarce, musamman ga saniyar da ke cin dusa da yawa, man nonon gaba ɗaya sai ya faɗi. EPA da DHA ɗin da aka yi wahalar don su kuwa ɗan kaɗan ne ke isa ƙwarya.

Na gani da idona. Wata shekara abinci ya yi tsada, na riƙa karɓo ragowar man suyar kifi wurin wata mata ina cuɗa wa shanu biyu masu tatsa a dusa da gurya, wai ni mai boko. Kwana biyun farko suka shinshina suka juya kai. Da suka saba, ba a yi mako biyu ba mai ɗakina ta ce nonon nan ya zama ruwa, ta kaɗa ta kaɗa man da ya tashi bai cika ludayi ba. Ban gaya mata dalili ba sai da na daina.

In malaminki zai yarda, ki je kwata da asuba da filas ɗin shayi da kika ɗumama da ruwan zafi, a matse miki ruwan tumbi ana fasawa, ki cika shi har baki ki rufe. Digiri 39 yake so, kuma iska ce ajalinsa. Kwalba ɗaya man tarwaɗa, ɗaya ki ɗiga mata na titus. Wahalar dai sai an kai injin GC, mai ware fati-asid ɗaya-ɗaya, kafin a ga bambancin da kyau, TLC ba zai wadatar ba.

Ɗiyar Mai Kifi, Daura

Na dawo, yau kwana goma sha takwas. Baba, Allah ya ƙara girma, ya jiƙan magabata. Na auna feroksaid na gorar kan taga. Da na zuba sitaci ruwan ya koma baƙi ƙirin, na yi ta ɗiga tayosalfet har na ɗauka buret ɗin ne ke yoyo. Ya ninka iyakar da kuka faɗa sau da yawa, kunya ba za ta bar ni in rubuta lambar ba.

Na koma Daura na sake fitar da mai, wannan karon a tukunyar silba, kayan cikin suna fitowa daga katan da sanyinsu, wuta kaɗan-kaɗan. Kowanne da kwalbarsa, irin mai duhun nan ta maganin tari, na cika har wuya, na naɗe da foyil. Mai sayar wa Umma kifi ya yarda ya ajiye mini a ɗakin sanyinsa, na taho da su Katsina a kula da ƙanƙara. Na jera kwalbar shaida iri uku: mai da romo babu ƙwaya, mai da ƙwayar da na kashe a otokilef, wato tukunyar tururin lab, da ƙwaya babu mai. Dattijon lab ɗinmu da ya ga ina rubuta musu suna sai ya ce, ai da kin tambaye ni tun ranar. Shi ya sama mini gurbi a injin girgiza da dare, lokacin da ake kunna janareta.

Gaskiyarku ce. A man titus, kwalbar da babu ko ƙwaya ɗaya ita ma ta ba da jan kwallin nan, har ta fi wasu masu rai duhu. Na zauna a kan kujerar lab na yi shiru na ɗan lokaci, don na riga na rubuta shafi shida a babi na huɗu.

Amma ga wani abu. A man tarwaɗa, iri na uku, wanda ya fito daga ƙasar lungu, ya ba da tabo biyu da babu su a shaidu ukun. Ɗaya babba ne a tsakiyar allo, ɗaya ƙarami a ƙasa da shi, zagayayye tsaf. Na maimaita sau biyu, suna nan a wurinsu. Na daddawa ba su ba da komai ba sai babban kawai, shi ma dishi-dishi. Kuɗin gwajin GC-MS, mai faɗin ko wane sinadari ne, na samfur ɗaya ko biyu kawai zan iya, sai an kai Zariya, don haka ba na so in aika shirme.

Anti, na gaya wa ƙawata, ta ce dama gabanta na faɗuwa. Umma tana amsawa, ta ce ita dama ta san man bola ba ya zama magani, wai ni ce mai zumuɗi. Malam Mai Turka, malamina ya ce batun tumbi ya fi ƙarfin wata biyun da suka rage mini, amma ya rubuta shi a littafinsa. Na Bakin Tasha, akwai yaji har da albasa, amma ba a ba da bashi.

Baba Malam, Ƙofar Ƙaura

Madalla, 'yata. Babban na tsakiya kada ki kashe masa kuɗi, kusan tabbas sakakken fati-asid ne, wato ƙwayar tana da lifes tana kwance su daga gilisarol. Bacillus da yawa suna yi. Ki tabbatar da kanki: ki ɗiga ɗan man da kika dafa da fotasiyam haidiroksaid a gefensa, in sun tsaya kafaɗa da kafaɗa magana ta ƙare.

Ƙaramin shi ne abin dubawa, amma shi ma kada ki yi saurin kiran Umma. Mai da aka kwance masa sarƙa ɗaya, biyu suka rage a jikin gilisarol, shi ma a wajen nan yake tsayawa. Ga yadda za ki raba gardama. Ki ba iri na ukun fati-asid da kika riga kika kwance, wanda babu gilisarol a cikinsa sam. In tabon ya ɓace, guntun gilisarol ne. In ya sake fitowa, to akwai magana.

Sannan ki shiga kasuwa ki sayo man gelo ƙaramar kwalba, na zurma. Kusan kashi 90 cikin 100 na fati-asid ɗinsa risinoleyik ne, kabon 18 da haidiroksil guda, kamannin abin da kike nema ke nan, a kuɗin da bai kai na katin waya ba. Ki kwance shi kamar sauran, ki ɗiga a layi na kusa. In tabonki ya tsaya daidai da shi ko dab da shi, ki ɗiga da yawa a faɗin allo guda, ki kankare hodar wurin kawai da reza, ki jiƙa ta a etil asitet, ki tace. Wannan za ki aika Zariya, cikin kwalba mai duhu da ƙanƙara. Ki kira mai injin tun kafin ki sa a mota, ki gaya masa haidiroksi fati-asid kike zato, don sai ya yi masa metil esta ya kuma rufe haidiroksil ɗin da silil kafin ya ɗura, in ba haka ba abin ba zai fito da kyau ba. Iri na ukun kuma ki shuka shi a kwalaben ajiya biyu yau ɗin nan, ɗaya ki ba dattijon nan ya sa a firij ɗinsa.